Tambaya: Shin mai sayar da furanni yana da alhaki idan furen ya tsallake katanga ya shiga kogi da daji?

Mai Lambun Furanni, Garwa, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaida dattawa da malaman wannan zaure, da fatan kowa yana lafiya tare da iyali. Sana'ata ita ce renon furanni da ƙananan itatuwa a cikin leda, kuma lambuna yana kusa da gaɓar kogin Binuwai, domin a nan ne ruwan ban dashe yake da sauƙi ko da rani ya tsananta. Tun lokacin da aka yi wa garin nan namu na Garwa, a arewacin Kamaru, kwaskwarima saboda gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta nahiyar Afirka a farkon 2022, masu sababbin gine-gine da masu otal suka buɗe ido a kan furanni, kasuwa kuma ta ɗan motsa, alhamdu lillahi.

Bayan bugenbiliya, furen nan mai hawa katanga, abubuwa biyu ne suka fi tafiya a wurina. Na farko shi ne ɗan itacen shinge da ake kira lantana, mai ƙananan furanni ruwan ɗorawa da ja a dunƙule ɗaya, wanda yake kamawa da zarar an yanki reshe an soka a leda, ba ya neman ruwa da yawa, awaki kuma ba su cika damunsa ba. Na biyu wata ciyawar ruwa ce da take yawo a kan ruwa kamar kainuwa, amma ganyenta ya fi sheƙi, gindin ganyen a kumbure yake, tana kuma fitar da fure shuɗi-shuɗi mai kyau ƙwarai. Wani direban babbar mota ne ya kawo mini ita daga Duwala a cikin bokiti, na zuba ta a rabin duro, kafin wani lokaci ta cika shi har na raba ta a wasu durarrukan. Yanzu masu ɗan kududdufin ado a tsakar gida suna saye.

Kwanan baya wani ma'aikacin gandun daji ya zo sayen dashen mangwaro, da ya ga ciyawar nan sai ya ce mini in tsame ta in ƙone, kuma lantana ma gara in daina sayarwa, domin dukansu baƙin tsirrai ne masu mamaye ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mangwaron da ya zo saye ai shi ma baƙo ne, haka gwaiba da zogale da dogon yaro, amma ban taɓa jin an ce a ƙone su ba. Mene ne bambancin? Sannan idan na sayar wa mutum fure ya kai gidansa mai katanga, ina alhakina yake tsayawa, a wajen hukuma da kuma tsakanina da Allah? Ina roƙon masu sani su warware mini, domin da wannan sana'a nake ciyar da iyali.

Tsohon Malamin Gona, Marwa, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi. Ɗana, Allah ya sa albarka a sana'a. Ma'aikacin nan ya gaya maka gaskiya, kuma a kan ciyawar ruwan ban ga wurin jayayya ba ko kaɗan. Daga yadda ka siffanta ta, ita ce wadda masana suke kira Eichhornia crassipes, masu Faransanci kuma suke ce mata jacinthe d'eau. Asalinta yankin kogin Amazon ne a Kudancin Amurka, kuma kusan duk inda ta je a duniya kyan furenta ne ya kai ta. A ƙarshen ƙarni na 19 aka ajiye ta a lambunan ado na Masar, ta kuɓuce ta shiga kogin Nilu. A shekarun 1950 ta bazu a kogin Kwango da Farin Nilu na Sudan, a 1984 ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagiri, a ƙarshen shekarun 1980 kuma ta bi kogin Kagera ta faɗa Tafkin Biktoriya, inda bayan 'yan shekaru ta rufe tashar jiragen ruwa ta Kisumu, ta riƙa toshe bakin injinan wutar lantarki na Jinja, masunta suka rasa ta inda za su fitar da kwale-kwale. Sai da aka shigo da wasu ƙwari dangin Neochetina, waɗanda suke cin ta a ƙasarta ta asali, sannan ta ja baya, kuma har yau ba ta ƙare ba. Direban da ya kawo maka ita bai sha wahalar nema ba, domin ta riga ta cika sassan kogin Wuri a Duwala. Hausawa suna cewa kainuwa dashen Allah ce, amma wannan dai hannun mutum ne yake dasa ta daga kogi zuwa kogi.

Idan ta sami ruwa mai ɗumi, mai taki, wanda ba ya gudu sosai, tana iya ninka yawanta cikin kimanin mako biyu, domin kowace uwa tana miƙa reshe ta fitar da 'ya'ya a gefenta ba tare da jiran iri ba, irin kuma idan ya nutse cikin laka yana iya kai shekara 20 bai mutu ba. Idan ta shimfiɗu a kan ruwa sai ta tare haske da iskar da kifi yake shaƙa, ta zama maɓoyar sauro da katantanwar da take ɗauke da cutar tsargiya, ta kuma toshe hanyoyin ban ruwa. Ka tuna da madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 da gonakin shinkafar da ke ƙarƙashinta, ka tuna da tafkin Maga a nan wajenmu. Lagdo yana sama da kai, saboda haka ruwa ba zai kai ta can ba, amma abokin ciniki mai mota zai iya kai ta, ragar masunci ma za ta iya. Ƙasa da kai kuwa babu abin da zai tare ta, domin Binuwai ba ya tsayawa a kan iyaka, yana wucewa Yola da Makurɗi har ya haɗu da Neja a Lakwaja. Ko da ta riga ta ɓulla a wani sashe na kogin, wannan ba hujja ba ce ta buɗe mata wata ƙofa a bakin gaɓa.

Game da mangwaro da zogale, tambayarka tana kan hanya. Baƙunci shi kaɗai ba laifi ba ne, kuma mafi yawan abin da muke ci a yau, daga masara da gyaɗa zuwa tumatir da rogo, daga wata nahiya aka kawo shi. Rahoton da kwamitin masana na duniya mai suna IPBES ya fitar a watan Satumba na 2023 ya ƙirga baƙin halittu sama da 37,000 da suka zauna a ƙasashen da ba nasu ba, tsirrai da dabbobi da ƙwari, amma waɗanda aka tabbatar suna ɓarna sun ɗan haura 3,500 ne, wato kusan ɗaya cikin goma. Sai dai ɓarnar waɗannan kaɗan ɗin an ƙiyasta ta a kan fiye da dala biliyan 423 a shekara. Ma'aunin shi ne ko tsiron yana yaɗuwa da kansa ba tare da hannun mutum ba, kuma idan ya yaɗu yana danne na gida. Mangwaro yana tsayawa kusa da inda aka ajiye shi. Gwaiba kuwa, kada ka yi mamaki, a Afirka ta Kudu tana cikin jerin masu mamaya, domin a can tsuntsaye da birai suna watsa ta a daji mai laima.

Abin da nake so ka riƙe, kai da sauran masu sana'arku, shi ne halayen da kuke nema a jikin fure su ne ainihin halayen mai mamaya. Kai da kanka ka lissafa su lokacin da kake yabon lantana: tana kamawa nan take, tana jure ƙishirwa, dabba ba ta cin ta. Ƙara da cewa tana fure kusan duk shekara, ƙwarin da suke cin ta kuma an baro su a ƙasarta ta asali. Tsiron da ya fi arahar reno, wanda ya fi kawo riba da wuri, shi ne wanda ya fi iya rayuwa a bayan katanga ba tare da kowa ba. Wannan ne ya sa a Ostareliya aka gano cewa kusan kashi biyu cikin uku na baƙin tsirran da suka bazu a daji ta hanyar lambunan ado suka shigo, a Amurka kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na itatuwan da suka zama masu mamaya an shigo da su ne domin ƙawata gidaje da tituna. A Turai akwai wata ciyawa 'yar asalin Japan da wani likita Bajamushe mai suna Siebold ya rena a lambunsa na kasuwanci a birnin Leiden na ƙasar Holan, har aka ba ta lambar zinariya a Utrecht a 1847 saboda kyanta, aka aika da ita lambun Kew na Ingila a 1850. A 1981 sai da Birtaniya ta yi doka ta haramta shuka ta a daji, yanzu kuma mai gidan da ta tsiro a filinsa yakan sha wahala kafin ya sami mai saye. Tsakanin lambar yabo da dokar hani an yi fiye da shekara 130, kuma a tsawon wannan lokaci masu lambu suna ta sayarwa da kyakkyawar niyya.

Katangar da ka ambata tana tare ɓarawo da akuya, amma ba ta tare tsuntsun da ya ci 'ya'yan lantana ya je ya yi kashi a kan wata bishiya, ba ta tare ruwan sama da yake cika kududdufi ya fita ta rariya, ba ta kuma tare yaron gida da aka ce ya rage ciyawar ya zubar a rafi. Mai saye bai san komai game da tsiron ba sai kyansa. Kai ne ka ga yadda bokiti ɗaya ya cika duro, saboda haka a ganina nauyin ya fi karkata a kanka, musamman yanzu da aka sanar da kai.

Hajiya Mai Lambu, Njamena, ta amsa:

Assalamu alaikum. Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Na yarda da kai a kan ciyawar ruwa, kuma ni ma ba na ajiye ta, domin lambunanmu a bakin Shari suke, Shari kuma cikin Tafkin Chadi yake zuba. Amma ina neman afuwa, akwai inda nake ganin an ɗora wa masu lambu kayan da ba nasu ba ne.

Mun daɗe muna sayar da lantana a garin nan, kuma ban taɓa ganin ta tsiro da kanta a bayan gari ba. Ruwan saman da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 ba, rani kuma yana kai wata bakwai ko takwas. Gidan da aka daina ba ta ruwa a watan Afrilu, kafin damina ta sauka ta zama kirare. Labarin Ostareliya da Ingila labarin wasu ƙasashe ne masu nasu yanayi, bai kamata a ɗauko jerin sunayen da aka rubuta domin Afirka ta Kudu a karanta wa matar da take ɗibar ruwa da bokiti a Sahel ba.

Sannan idan ana maganar baƙon itacen da ya cinye ƙasa a yankinmu, ai kowa ya san shi, kuma ba mai sayar da fure ne ya kawo shi ba. Ƙayar nan ta Prosopis, wadda asalinta nahiyar Amurka ne, shirye-shiryen yaƙi da hamada ne suka rene ta a cikin leda suka raba wa mutane a shekarun 1970 da 1980, lokacin da fari ya tsananta, domin a tsayar da tudun yashi. Awaki da raƙuma suka ci 'ya'yanta suka watsa irin a kashinsu, ta shige busasshen gindin Tafkin Chadi ta ɓangaren arewa ta zama daji, har idan ruwa ya dawo masunta ba sa iya ratsawa da jirgi, ƙayar kuma tana yayyaga musu raga. Masu ilimi ne suka zaɓe ta, da motoci da takardu. Dogon yaro ma da ya cika titunanku na Marwa, wanda aka shuka da yawa a shirin Sahel Vert, yana tsirowa a gindin duk bishiyar da jemagu suke sauka, amma saboda muna son inuwarsa babu mai kiran sa mai mamaya.

Abu na ƙarshe shi ne ciniki. Idan ɗan'uwanmu na Garwa ya daina sayar da lantana gobe, mai otal zai taka ƙafa goma ya saya a wurin maƙwabcinsa. Lantana ba ta ragu a gari ba, abincin gidansa ne kawai ya ragu. Manyan kamfanonin furanni na Turai sun ci ribar waɗannan tsirrai na tsawon ƙarni, sai a 2016 Tarayyar Turai ta hana cinikin ciyawar ruwan nan. Idan za a yi hani, a yi wa kowa lokaci ɗaya, kuma a fara da masu ba da kwangilar ƙawata tituna da ofisoshi, domin su ne suke sayen ɗaruruwan leda a rana ɗaya.

Likitan Dabbobi, Ngaundare, ya amsa:

Assalamu alaikum. Hajiya, maganarki a kan Prosopis gaskiya ce, kuma abin da kika gani a Njamena game da lantana ban musa ba. Amma mai tambaya a Garwa yake, inda ruwan sama yake kai wajen milimita 1,000, ga fadamu da bakin kogi da ba sa bushewa, kuma motar da ta ɗauki leda a Garwa da safe tana iya sauke ta a nan kafin dare, inda muke samun kusan milimita 1,500. Tsiron da yake mutuwa a wurinku idan an hana shi ruwa, a wurinmu ba ya jiran kowa. Muna ganin lantana a bakin hanya da tsofaffin gonaki, tare da furen nan mai kama da furen rana ɗan asalin Meziko, Tithonia, wanda shi ma ado ne ya fara yawo da shi. Babbar masifar makiyayanmu kuwa ita ce ciyawar da ake kira Bokassa, wato Chromolaena odorata. Asalinta Amurka ne, an kai ta Indiya a ƙarni na 19 a matsayin furen lambu, daga Asiya ta iso kudancin Najeriya a wajejen 1937, yau kuma ta rufe wuraren kiwo masu yawa a Adamawar Kamaru, ciyawar da shanu suke ci ba ta iya fitowa a ƙarƙashinta.

Bari in faɗi abin da lantana take yi wa dabba, domin wannan ne fagena. Ganyenta yana da guba mai lalata hanta. Saniyar da ta ci da yawa takan daina cin abinci, bayan gida ya ƙi fita, idonta da dasashinta su yi ruwan ɗorawa irin na shawara, sannan fatar hanci da kunnuwa da duk inda gashi yake fari ta kumbura ta sale idan rana ta buge ta, har dabbar ta riƙa gudun rana tana neman inuwa. Wadda abin ya yi wa tsanani takan mutu cikin 'yan kwanaki ko makonni. Shanun da suka saba da wuri sukan kauce mata, amma baƙin shanu da suka iso da yunwa, kamar na masu tafiya kudu da rani, su ne suke faɗawa. Ɗanyun 'ya'yanta kore kuma guba ne ga ƙananan yara, wannan kuwa ya shafi gidan da ke Njamena kamar yadda ya shafi na Ngaundare.

Akwai wasu guda biyu da nake roƙon masu lambu su sa wa ido. Ɗaya ita ce Ipomoea carnea, itaciyar shinge mai kara marar ƙarfi da babban fure kamar na duman rafi, wadda kowane guntun reshenta yake kamawa idan ya faɗi a wuri mai laima. Akuyar da ta saba cin ta takan riƙa kaɗa kai tana tangaɗi, ta rame, kuma idan ta ɗanɗana ba ta son bari. Ɗayar ita ce Thevetia, mai siraran ganye da fure ruwan ɗorawa kamar ƙararrawa, wadda ƙwallonta yake da guba mai tsayar da zuciya. Ina ganin ta a harabar makarantu, abin yana tayar mini da hankali.

Mai Lambun Furanni, Garwa, ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba Malam, da Hajiya, da Likita, Allah ya saka da alheri. Ciyawar ruwa dai na yanke shawarar rabuwa da ita, sai dai ina so a gaya mini yadda zan zubar da ita ba tare da na jawo abin da ake gudu ba, ganin cewa lambun yana bakin kogi. Game da lantana kuma, akwai wata gajeruwa mai fure ruwan ɗorawa zalla da wanda ya sayar mini ya ce ba ta yin 'ya'ya, shin ita ma tana cikin wannan hukunci? Sannan idan na janye waɗannan, me zan nuna wa mai saye a madadinsu? Maganar Hajiya a kan maƙwabci ta taɓa ni, domin haka abin yake a nan.

Tsohon Malamin Gona, Marwa, ya sake amsawa:

Hajiya, ban ƙi ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa a kan shirye-shiryen dashen itatuwa ba, kuma lokacin da na ce masu lambu ina nufin har da gandun gwamnati da na ƙungiyoyi, domin leda leda ce ko wa ya cika ta. Darasin Prosopis shi ne an zaɓi itace saboda saurin girma da juriya, ba a tambayi abin da zai yi bayan shekara 20 ba, kuma wannan tambayar ce nake so mai sayar da fure ya riƙa yi. Kin kuma yi daidai da kika ce jerin wata ƙasa ba ya zama hukunci a kanmu kai tsaye. Amma masu tantance tsirrai a Ostareliya, waɗanda tun 1997 suke auna kowane sabon tsiro kafin a bar shi ya shiga ƙasar, suna ba da nauyi sosai ga tambaya ɗaya, wato ko ya taɓa mamaye wata ƙasa mai irin yanayinsu. Lantana ta yi haka a Indiya da gabashin Afirka da kudancinta, a wurare masu rani da damina irin na Binuwai da Adamawa.

Ɗana, a kan gajeruwar lantana, kada ka dogara da maganar mai sayarwa. Tun da Turawan Holan suka kai lantana Turai a ƙarni na 17 aka yi ta haɗa ta barbara har aka sami ɗaruruwan iri, kuma an ga wasu da ake cewa ba sa haihuwa suna yin 'ya'ya kaɗan-kaɗan, ko kuma ƙurar furensu ta barbari ta daji idan ƙudan zuma da malam buɗe littafi suka yi yawo tsakaninsu. A Amurka an yi irin wannan da wani itacen ado dangin tuffa mai suna Callery, wanda aka sayar shekaru da dama a kan cewa ba ya yin iri, da aka fito da wasu nau'o'insa suka barbari juna sai ya bazu a daji, har jihar Ohayo ta haramta sayar da shi daga 2023. Idan kana so ka gani da idonka, ka ware 'yan tukwane ka lura da su damina guda, ka duba ko ƙananan 'ya'ya baƙaƙe suna fitowa, ka kuma duba ƙarƙashin wayar lantarki da bishiyoyin da tsuntsaye suke sauka kusa da lambun. Kafin ka gama wannan lura, ni dai ba zan loda wa motar Ngaundare ko guda ɗaya ba, kuma ba zan sayar wa gida mai ƙananan yara ba tare da na gaya musu ba.

Ciyawar ruwa kuwa ka tsame ta duka, ka kai ta tudu nesa da kogi da rariya, ka baza ta a rana har ta bushe ƙarau, sannan ka ƙone ko ka binne ta a rami mai zurfi. Ruwan duron da lakar da ta kwanta a gindinsa ka zuba su a ramin, domin a nan irin yake. Ka yi wannan kafin watan Agusta da Satumba, lokacin da Binuwai yake cika ya hau gaɓa, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Waɗanda ka sayar wa, ka bi su ka yi musu bayani, ka ba su bado a madadinta, domin shi ɗan gida ne, yana da fure mai kyau, kuma saiwarsa a laka take, ba ya yawo. Lantana idan za ka cire ta sai ka tono har gindi, domin idan aka sare ta kawai sabon toho take yi.

Ta fuskar hukuma, Kamaru tana da dokar kare muhalli ta 1996 da dokar kare lafiyar tsirrai ta 2003, wadda take neman izini da takardar lafiya ga tsiron da za a shigo da shi daga waje, amma bokitin da ya taso daga Duwala zuwa Garwa bai tsallaka wata iyaka ba, babu wanda zai buɗe shi a hanya. Shi ya sa maganar maƙwabci take da nauyi. A 2001 masu lambunan kasuwanci da masana sun taru a birnin Sen Luwis na Amurka suka amince da ƙa'idojin da za su bi da kansu, ciki har da janye tsirran da aka tabbatar suna ɓarna da gaya wa mai saye gaskiya. Ku ma masu lambun bakin kogi ba ku da yawan da za ku kasa zama a inuwa ɗaya. Ku fara da ciyawar ruwa, wadda babu mai jayayya a kanta, ku gayyaci ma'aikacin gandun dajin nan ya zauna tare da ku, ku kuma rubuta wa ofishin magajin gari da na muhalli ku nemi a cire waɗannan tsirrai daga kwangilolin ƙawata gari, kamar yadda Hajiya ta ce.

Game da madadi, bugenbiliyar da kake sayarwa baƙuwa ce daga Burazil, amma da wuya take yin iri, saboda haka ka ci gaba da ita. Domin shinge akwai lalle, wanda yake jure aski, furensa yana da ƙanshi, matan gida kuma suna amfani da ganyensa. Domin tukunya akwai kariya, wadda take fure a kan duwatsunmu a tsakiyar rani, kuma ita ce masu lambun Tailan suke renawa suna sayar wa duniya da tsada, sai dai ka gaya wa mai saye cewa ruwan jikinta guba ne. Domin harabar gida akwai sansami mai fure ruwan hoda, da marga mai zubo da fure ruwan ɗorawa, da minjirya da gurjiya masu jan fure, ga maɗaci da tsamiya ga mai son inuwa. Waɗannan sun fi lantana jinkirin girma a leda, saboda haka ka tara irinsu da rani, ka jiƙa masu taurin ɓawo a ruwan zafi kafin shuka, ka kuma sa kuɗin jiran a cikin farashinsu. Mai otal ba zai gane sansami a cikin leda ba, don haka ka ɗauki hotonsa da wayarka lokacin da yake cikin fure, ka riƙa nuna wa masu saye.